Kaluluwar Hammata da Ta Tona Ɓoyayyen Ciwon Dajin Tumbi: Nazarin Lamarin Wani Majinyaci

Majinyacin da tarihin lafiyarsa

Majinyacin namiji ne ɗan shekara 47, tela, mai mata ɗaya da 'ya'ya shida, yana zaune a wani gari da ke hedikwatar ƙaramar hukuma a arewacin Najeriya. Ba ya shan taba, ba ya shan giya, kuma ba a taɓa kwantar da shi a asibiti ba. Nauyinsa da ya sani kilo 70 ne. Abin da kawai ya daɗe yana damunsa shi ne abin da yake kira olsa: ƙwannafi, da yawan gyatsa, da zafi a saman ciki, kusan shekara shida yana fama da su. Ba a taɓa leƙa cikinsa da na'ura ba, ba a kuma taɓa yi masa gwajin ƙwayar cutar Helicobacter pylori, mai zama a tumbi tana haddasa olsa, ba. Duk sanda ciwon ya motsa sai ya aiki yaro kyamis a sayo masa omefirazol, maganin da ke rage asid a tumbi, ya sha na mako ɗaya ko biyu, ya ji dama, ya ajiye. A shekarar da ta gabaci abin da za a bayyana, shan maganin ya zama na kullum, domin da ya tsallake kwana biyu zafin zai dawo. Mahaifinsa ya rasu da ciwon ciki da rama yana da shekara sittin da 'yan kai, ba tare da an kai shi asibiti ba.

Fabrairu zuwa Afrilu: ƙullutu a hammatar hagu

A farkon Fabrairu, yana wanka, ya ji ƙullutu a hammatarsa ta hagu. Bai damu ba, domin kowa ya san kaluluwa takan fito a hammata idan an ji ciwo a hannu, ko a matsematsi idan an yi tuntuɓe, shi kuma tela ba ya rasa sukar allura a yatsa. Bambancin dai shi ne kaluluwar rauni tana da zafi, tana yin kwanaki ta sace, wannan kuwa ba ta da ciwo ko kaɗan, kuma bayan mako huɗu tana nan daram.

A watan Maris ya je asibitin garinsu. Jami'in lafiyar da ya duba shi ya rubuta cewa ƙullutun ya kai santimita 2, yana da tauri, yana ɗan motsi a ƙarƙashin fata, babu ja, babu ɗumi. Ba a rubuta an shafa wuyansa ko cikinsa ba. Aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana bakwai, daga baya aka sauya masa wani na kwana goma. Kaluluwar ba ta ragu ba. Azumi ya shigo a wannan tsakanin, ya lura idan an sha ruwa yakan ƙoshi da kofin kunu da ƙosai biyu ko uku, tuwo ya gagare shi, kuma wandunansa sun fara yi masa yawa. Shi da iyalinsa suka ɗora wa azumi da zafin bazara. An kira wanzami ya yi masa ƙaho a kafaɗa, ya kuma sha jiƙo na kwanaki.

Bayan Sallah, a ƙarshen Afrilu, matarsa ce ta ga wani kumburin a gindin wuyansa ta hagu, a cikin kwarmin da ke saman ƙashin nan da ya gitta daga ƙirji zuwa kafaɗa.

Mayu zuwa Yuli: maganin tarin fuka

Aka tura shi babban asibitin jiha. A nan an auna kaluluwar hammata santimita 2.5, ta wuya kuma santimita 2, dukansu masu tauri, marasa ciwo. Nauyinsa ya sauka zuwa kilo 66. Ya ce yana ɗan jin zazzaɓi da yamma wani lokaci, amma ba ya tari. Da aka tambaye shi wata rashin lafiya, ya ce babu sai olsa, aka rubuta haka a gefen kati aka wuce.

Hoton ƙirji bai nuna komai a huhu ba. Gwajin majina da na'urar GeneXpert bai ga tarin fuka ba, gwajin cutar ƙanjamau ma ya fito babu. Awon jini ya nuna himogulobin, wato ma'aunin yawan jini, giram 10.2 a kowace desilita, alhali abin da ake so ga namiji baligi 13 ne zuwa sama, kuma jajayen ƙwayoyin jinin ƙanana ne, irin waɗanda ake gani idan jiki ya rasa sinadarin ƙarfe. Sikanin ciki ya nuna hanta da saifa da ƙoda lafiya lau; irin wannan hoton ba ya ganin bangon tumbi da kyau saboda iskar da ke ciki. An soka siririyar allura a kaluluwar hammata an zuƙo ɗan abin da ke ciki, sakamakon ya ce matacciyar tsoka ce da 'yan ƙwayoyin kumburi, ƙwayoyin ba su isa a yanke hukunci ba, kuma ba za a iya kore tarin fuka ba.

A yankin da tarin fuka ya yawaita, shi ne abu na farko da likita yake tunani idan ya ga kaluluwar wuya da rama da zazzaɓin yamma, kuma rashin ganin ƙwayar cutar a majina ba ya kore tarin fuka na kaluluwa, tunda ba a huhu yake ba. A tsakiyar Mayu aka ɗora shi a kan maganin, wanda kyauta ake bayarwa: haɗin magunguna huɗu na wata biyu, sannan biyu daga cikinsu na wata huɗu. Ya riƙe maganin bai tsallake rana ba. Fitsarinsa ya koma ja-ja, kamar yadda aka gargaɗe shi rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan, yana sawa. Tashin zuciya da zafin ciki suka ƙaru, aka ce masa maganin ne, aka ƙara masa omefirazol zuwa sau biyu a rana.

Katin da ake cikewa a ɗakin karɓar maganin ya nuna kilo 64 a tsakiyar Yuni, kilo 61 a tsakiyar Yuli. Mai tarin fuka da ya dace da magani yakan fara cin abinci ya ƙara nauyi a cikin watanni biyun nan. Kaluluwar wuya ta kai santimita 3, ta daina motsi. Ma'aikaciyar jinyar da ke auna shi ce ta kai katin gaban likita, aka rubuta masa takardar zuwa asibitin koyarwa.

Agusta zuwa farkon Satumba: cire kaluluwar wuya

Likitan fiɗa da ya gan shi a farkon Agusta ya tsaya a bayansa ya shafa kwarmin wuyan, ya sa shi ya yi yunƙuri da baki a rufe domin abin da ke ɓoye a bayan tsoka ya taso. Ya duba nonuwansa, domin maza ma suna samun ciwon dajin nono, kuma hammata ce wurin da yake fara sauka. Ya shafa ciki da cibiya da maraina, ya duba dubura da yatsa. Bai sami wani ƙari ba. Shi ne kuma na farko da ya tsaya a kan maganar olsa, ya yi ta tambaya: tun yaushe, nawa yake iya ci kafin ya ƙoshi, wane launi bayan gidansa yake. A nan majinyacin ya ce ya sha ganin bayan gidan ya yi baƙi, ya ɗauka jiƙon da ya sha ne.

An dakatar da maganin tarin fuka. A tsakiyar Agusta aka kashe wurin da allura aka cire kaluluwar wuya ɗungurungum, aka raba ta biyu, rabi zuwa gwajin tarin fuka, rabi zuwa ɗakin nazarin tsoka. Gwajin tarin fuka bai ga komai ba. A ƙarƙashin madubin awo kuwa, an ga ƙwayoyin ciwon daji sun cinye kaluluwar, da yawansu cike da yauƙi wanda ya tura cibiyar ƙwayar gefe guda, siffar da likitoci ke kira ta zoben hatimi. Irin waɗannan ƙwayoyi sun fi fitowa daga tumbi, amma suna iya fitowa daga babban hanji, ko nono, ko huhu, ko mafitsara.

Domin a taƙaita zargi, an aika tsokar wani birni aka yi mata rinin da ke bambance asalin ƙwayoyi, sakamako ya dawo bayan mako uku. Ƙwayoyin sun kama rinin CK7 da CDX2, sun ɗan kama CK20, haɗin da ke karkata zuwa hanyar abinci. Ba su kama TTF-1 ba, wanda ke nuna huhu ko maƙoƙo, ba su kama GATA3 na nono ba, ba su kama PSA na furostet, wato ƙullin da ke gindin mafitsarar namiji, ba, haka nan CD45 da ke nuna ciwon dajin kaluluwa kansa. Rahoton ya ce a nemi tushen a saman hanyar abinci, a fara da tumbi.

Hanyar da ƙwayoyin suka bi

Ruwan da ke tsattsafowa daga tsokokin jiki yana bin ƙananan jijiyoyi marasa launi, yana ratsa kaluluwa bayan kaluluwa ana tace shi. Na tumbi yakan fara da kaluluwoyin da ke jere a gefensa biyu, ya wuce zuwa waɗanda ke kewaye da jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi, daga nan zuwa na gefen babbar jijiyar jini ta tsakiyar ciki. Likitocin Japan, inda cutar ta yawaita, sun sanya wa waɗannan rukunai lambobi, na gefen babbar jijiyar shi ne na 16. Daga can ruwan yake shiga wani bututu mai tsawon kimanin santimita 40, wanda ya tashi daga saman ƙugu, ya haura ta cikin ƙirji a gaban ƙashin baya, ya karkata hagu, ya zuba a jijiyar jini a gindin wuya ta hagu. Wannan ne dalilin da ya sa ciwon dajin ciki yake iya bayyana a wuya, kuma a hagu. Likitan Jamus Rudolf Virchow ya bayyana alaƙar a 1848, likitan Faransa Charles-Émile Troisier ya ƙara bayani a kanta a shekarun 1880, shi ya sa ake kiran kaluluwar da sunan na farko, alamar kuma da sunan na biyu.

Hammata ba ta kan wannan hanya. Aikin kaluluwarta tace abin da ya fito daga hannu da nono da fatar ƙirji. Sai dai jijiyar da ke kwashe ruwanta tana haɗuwa da babban bututun dab da bakinsa, saboda haka idan ƙwayoyin daji suka toshe bakin, ruwa yana iya komawa da baya ya kai su hammatar hagu. Ba kasafai ake ganin haka ba, amma sananne ne a littattafan fiɗa, tare da 'yan uwansa: ƙullutun cibiya da ake kira da sunan Sister Mary Joseph, ma'aikaciyar jinya wadda ta yi aiki da likitan fiɗa William Mayo a Amurka, da ƙarin ma'ajiyar ƙwan mace da Friedrich Krukenberg ya bayyana a 1896. Abin da likitocin majinyacin suka fi rinjaya a kai shi ne ta wuyan ta riga ta hammatan kamuwa, tana ɓoye a bayan tsokar wuya, ba a shafa wurin ba sai da ta girma.

Satumba zuwa Oktoba: leƙa tumbi sau biyu

A tsakiyar Satumba aka zura masa bututu mai kyamara ta baki. Yana kan omefirazol sau biyu a rana har zuwa jajibirin gwajin. Ba a ga ƙari ba, ba a ga gyambo ba. Rahoton ya ambaci ja a ƙasan tumbi da kaurin ninkin fatar ciki a tsakiyarsa. An ɗebi tsoka uku, dukansu daga inda ya yi ja. Sakamako ya nuna tsohon kumburi da Helicobacter pylori, babu ciwon daji. Aka ba shi maganin ƙwayar na kwana 14. Iyalinsa suka ɗauka an wanke tumbi daga zargi.

Bincike ya koma wani wajen. An leƙa babban hanji, lafiya lau. An yi sikanin nonuwa da maraina, babu komai. An auna CEA da CA 19-9, sinadaran jini da kan hau idan akwai daji. CEA ya nuna 3.1, a cikin iyakar da ake so, CA 19-9 kuwa ya ɗan haura, amma ba a kafa hujja da su, domin suna iya zama daidai ga mai cutar. A farkon Oktoba aka yi hoton siti, wato CT mai nuna jiki yanki-yanki, na ƙirji da ciki, bayan an ba shi ruwa ya sha domin tumbin ya buɗe. Tumbin bai buɗe yadda ya kamata ba, kuma bangonsa na baya a tsakiya ya kai milimita 15, alhali bangon tumbin da ya cika bai cika wuce milimita 5 ba. Akwai kaluluwoyi a gefen babbar jijiyar jini, babbarsu santimita 2.2. Waɗanda ke manne da tumbin ƙanana ne. Hanta da huhu babu komai. Ba a yi hoton PET, mai gano inda daji ya bazu a jiki, ba. Ko da an yi, ƙwayoyin zoben hatimi ba su cika zuƙar sukarin da hoton ya dogara da shi ba, suna iya ɓacewa a cikinsa.

An zauna da likitan fiɗa da na hoto da na nazarin tsoka da mai leƙa ciki, aka ajiye hoton siti kusa da rahoton farko. Aka yanke a dakatar da omefirazol na mako biyu, domin maganin yana iya sa fatar sama ta rufe gyambon da daji ya haddasa, sannan a sake leƙawa. A ƙarshen Oktoba aka sake. Wannan karon an hura iska an jira, bangon baya ya ƙi miƙewa, ninkinsa ya tsaya ƙiƙam kamar busasshiyar salka, kuma a tsakanin ninki biyu aka ga ɗan gyambo mara zurfi da bai kai santimita 1 ba. An ɗebi tsoka takwas, huɗu daga ciki ana cizo a gurbin cizo domin a kai ƙasa. Uku daga cikin masu zurfin sun nuna ƙwayoyin zoben hatimi iri ɗaya da na kaluluwar wuya.

Bayanin abin da ya faru a leƙen farko yana cikin halin cutar. Tun 1965 Pekka Laurén na ƙasar Finland ya raba ciwon dajin tumbi gida biyu. Akwai mai taruwa wuri ɗaya ya yi ƙari ko gyambo da ido ke gani. Akwai kuma mai warwatsuwa, wanda ƙwayoyinsa ba sa manne wa juna, suna kutsawa ɗai-ɗai a ƙarƙashin fatar cikin tumbi, inda jijiyoyin ruwa suka yawaita, su bar saman kamar lafiyayye. Ɗan bakin na'urar da ke cizo tsoka milimita biyu zuwa uku yake ɗauka, yana iya tsayawa a kan fatar bai taɓa cutar ba. Na majinyacin nan nau'i na biyu ne.

Nuwamba zuwa Maris: magani

Kamuwar kaluluwar wuya da ta hammata ta sa cutar a mataki na 4, wato ta yi nisa da tushenta, kuma cire tumbi ba zai warkar ba. Likita ya zaunar da majinyacin da yayansa ya gaya musu haka, ya ce abin da magani zai iya shi ne rage cutar, da sauƙaƙa cin abinci, da ƙara lokaci. Gwajin HER2, wata alama da ake nema a jikin ƙwayoyin dajin, ya fito babu, saboda haka maganin tirastuzumab ba zai amfane shi ba. Kimanin ɗaya cikin biyar na masu cutar ne ke da wannan alama, kuma ta fi ƙaranci a nau'in da ke warwatsuwa.

Nauyinsa kilo 57 ne a lokacin, himogulobin 8.9. An ƙara masa jini leda biyu. A tsakiyar Nuwamba aka fara zagaye na farko na magungunan kashe ƙwayoyin daji: oksalifilatin ta jijiya a rana ta ɗaya, ƙwayoyin kafesitabin safe da yamma na kwana 14, hutun kwana bakwai, sannan a sake. Bayan zagaye na uku kaluluwar hammata ta sauka zuwa santimita 1, yana iya cin rabin malmalar tuwo, nauyi ya hau kilo 60. An jinkirta zagaye na huɗu da mako biyu har sai da 'yan uwa suka haɗa kuɗi, aka kuma sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa.

Oksalifilatin yana sa jijiyoyi su ƙi sanyi, ga shi maganin ya faɗo a tsakiyar hunturu. Kwanakin da ke bin kowane ƙarin ruwa, idan ya taɓa buta da asuba sai ya ji yatsunsa suna tsirawa har gwiwar hannu, kurɓin ruwan randa kuma ya shaƙe masa maƙogwaro. Matarsa ta riƙa ɗumama masa ruwan alwala da na sha. Zuwa zagaye na biyar ba ya iya zura zare a allura, ya bar wa yaransa shago yana zama yana nuna musu yanka. An rage oksalifilatin a zagaye na shida, wanda aka kammala a ƙarshen Maris. Hoton siti na Afrilu ya nuna bangon tumbi milimita 11, kaluluwoyin ciki sun ragu.

Yuni zuwa Agusta na shekara ta biyu

A watan Yuni cikinsa ya fara kumbura, ƙoshin wuri ya dawo tare da amai. An zuƙe ruwa lita uku daga cikin, aka sami ƙwayoyin dajin a cikinsa, alamar sun bazu a shimfiɗar da ta lulluɓe kayan ciki. An yi maganar magani na biyu, amma a lokacin yana wuni a kwance, nauyinsa kilo 52 duk da ruwan, shi da iyalinsa suka zaɓi komawa gida. An ba shi mofin na ruwa don rage zafi, da maganin amai, ana kawo shi a zuƙe ruwan idan ya matse numfashi. Ya rasu a gida a watan Agusta, wata 18 bayan ya fara jin ƙullutun, wata goma bayan an tabbatar da tushen cutar. An shawarci 'yan uwansa da ya haɗa uba da su su yi gwajin Helicobacter pylori, kuma duk mai ciwon ciki a cikinsu a leƙa tumbinsa.

Hukunci a kan lamarin

Daga ƙullutun farko zuwa sanin tushe an ɗauki kusan wata tara. Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce, ko da an gane a watan Maris, ba za a warkar da shi ba, domin ranar da kaluluwar hammata ta fito cutar ta riga ta kai mataki na 4. Abin da jinkirin ya ci shi ne kilo 13 na jikinsa, da ƙarfin da zai jure magani da shi, da kuɗin da suka ƙare a gwaje-gwaje kafin a zo inda ake bukatarsu.

Zargin tarin fuka ba wauta ba ne a inda yake zaune. Kuskuren shi ne an fara magani a kan sakamakon allura da ya ce bai isa ba, alhali kaluluwar tana kusa da fata, cire ta aikin ƙasa da awa ɗaya ne. Alamu uku kuma suna kan katin tun watan Mayu: wurin kaluluwar a kwarmin wuya na hagu, ƙarancin jini irin na rashin ƙarfe ga namiji mai shekara 47, wanda ake ɗauka zubar jini ne a hanyar abinci har sai an tabbatar ba haka ba, da kalmar olsa da ba a bi ta da tambaya ba. Kaluluwar hammata ta ja hankali zuwa ƙirji da hannu, ta kawar da shi daga ciki.

Leƙen farko ya gaza ne saboda dalilai da ake iya gyarawa: yana kan omefirazol, an ɗebi tsoka uku kawai, an ɗebe su daga inda ya yi ja maimakon inda ya yi kauri, kuma ba a lura da ko tumbin yana buɗewa ba. Mai leƙawar ya riga ya san kaluluwa ta nuna zoben hatimi, wanda ya isa ya sa a ɗebi shida zuwa takwas masu zurfi tun a karon farko. Abin da ya yi aiki shi ne cire kaluluwar gaba ɗaya, da rinin da ya nuna inda za a duba, da ƙin yarda da sakamakon da ya ce babu lokacin da ya saɓa wa sauran shaidu.

Damar warkewa, idan akwai ta, tana cikin shekaru shidan olsa ne. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya Helicobacter pylori cikin tabbatattun masu haddasa ciwon daji tun 1994, kuma ƙwayar ta yaɗu ƙwarai a arewacin Najeriya, yawanci tun yarinta ake ɗaukar ta, ko da yake mafi yawan masu ita ba za su taɓa samun daji ba. Ƙiyasin hukumar na 2022 ya nuna kusan mutum miliyan ɗaya sun kamu da ciwon dajin tumbi a duniya, kimanin 660,000 sun mutu. Mutum da ya haura arba'in, wanda ciwon cikinsa ya sauya daga na lokaci-lokaci zuwa na kullum, mahaifinsa kuma ya rasu da ciwon ciki da rama, ya cancanci a leƙa tumbinsa shekara guda kafin Fabrairun nan. Hakan ma ba tabbas ba ne, domin nau'in da ke warwatsuwa yana iya ɓoye wa kyamara a farkonsa kamar yadda ya ɓoye mata a watan Satumba, sai dai a lokacin akwai yiwuwar a same shi bai bar bangon tumbi ba, inda fiɗa ke iya raba mutum da shi.